Sassaucin Ra'ayi da 'Yancin Zaɓi: Daga Sharhin Siyasar Amurka zuwa Rumfar Zaɓe a Ƙasar Katsina

Tsakure

Maƙalar ta dubi ma'anar "'yancin zaɓi" a bakin masu sharhin siyasar Amurka da ake kira masu sassaucin ra'ayi, ta kwatanta ta da ma'anarsa a tarihin siyasar ƙasar Hausa, musamman yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Ta nuna cewa lafazin ɗaya ne, amma abin da ake neman 'yantawa ya bambanta.

1.0 Gabatarwa

Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun saba kiran 'yan jam'iyyar Dimokurat "masu sassaucin ra'ayi", 'yan Rifablikan kuma "masu ra'ayin riƙau" ko "'yan mazan jiya". Mai sauraren rediyo a ƙauye irin Ɗantutture yakan auna waɗannan laƙabobi da ma'aunin siyasar da ya gada, wato ta NEPU da NPC. A nan ne ruɗani kan shigo.

2.0 Zaɓi a Sharhin Amurka

A wurin masu sassaucin ra'ayi na Amurka, zaɓi ya shafi jikin mutum da rayuwarsa ta sirri, kamar aure da haihuwa da bin addini ko barinsa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1973, wanda ya halatta zubar da ciki, shi ne ginshiƙin wannan fahimta, kuma soke shi a ranar 24 ga Yuni, 2022 ya ƙara zafafa sharhinsu. Sai dai su ma 'yan Rifablikan suna kafa hujja da zaɓi idan ana batun mallakar bindiga ko allurar rigakafi ko makarantar da iyaye za su kai 'ya'yansu. Ke nan kowane ɓangare yana da fagen da yake so hukuma ta janye hannu, da fagen da yake so ta tsoma baki.

3.0 Zaɓi a Siyasar Ƙasar Hausa

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, ba ta nemi raba mutum da tarbiyyar addini ko ta gida ba. Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur malamai ne, kuma da hujjojin Musulunci suka soki zalunci. Abin da suka nema shi ne talaka ya zaɓi wakilinsa ba tare da tsoron dagaci da hakimi da ɗan doka ba.

Tsarin zaɓen 1951 ya nuna dalilin wannan nema. An yi shi ne hawa-hawa, daga unguwa zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e tana da ikon cusa nata mutane a matakin ƙarshe. Sai a zaɓen tarayya na 1959 aka jefa ƙuri'a kai tsaye cikin sirri a faɗin Arewa, shi ma maza kaɗai. Matan Arewa, waɗanda Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda haƙƙinsu, ba su shiga babban zaɓen ƙasa ba sai a 1979. A wannan zaɓe, Alhaji Amadu Kurfi, wanda daga baya ya zama Maraɗin Katsina kuma Hakimin Kurfi, shi ne sakataren hukumar zaɓe ta FEDECO.

4.0 Darasin 1979

A lokacin ƙasar Katsina tana cikin Jihar Kaduna, domin sai a 1987 aka ba ta jiharta. Masu jefa ƙuri'a sun ba NPN rinjaye a majalisar dokokin jiha, amma bayan mako guda suka zaɓi Alhaji Balarabe Musa na PRP a matsayin gwamna, suka kayar da Alhaji Lawal Kaita, Bakatsine kuma ɗan takarar NPN. Dalilan wannan sakamako suna da yawa, amma ya tabbatar da cewa ƙuri'ar sirri tana ba talaka damar raba son jam'iyya da son ɗan takara. Sabon gwamnan ya soke haraji da jangali. Majalisa kuwa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, ta kuma tsige shi a watan Yunin 1981. Zaɓin mutum ya yi tasiri, amma ƙarfin jam'iyya ya rinjaye shi.

5.0 Kammalawa

Hausawa na cewa "ra'ayi riga, kowa da irin tasa", suna kuma cewa "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski". Karin magana na farko ya yarda da 'yancin mutum, na biyu ya bayyana sarƙar da ke ɗaure shi, wato hasafin ubangida, wanda a yau ya koma taliya da atamfa da kuɗin ranar zaɓe. Saboda haka, kiran 'yan Sawaba "masu sassaucin ra'ayi" irin na Amurka kuskure ne, domin akasarinsu masu riƙo ne a addini, masu neman sauyi a mulki. Ya kamata masu fassara da manazarta su ware "sassauci" ga al'amuran ɗabi'a da zamantakewa, su bar "neman sauyi" ga gwagwarmayar talaka, domin kada mai sauraro ya ɗora wa Malam Aminu ra'ayin da bai taɓa riƙewa ba.