Mai littafi, ɗan gado ko yaron ubangida: wa za ka ɗauka a teburin D&D?

Daren farko da na zauna wasan Dungeons & Dragons, ko minti arba'in ban yi ba aka kashe ni. Ba ni ba dai, gwarzon da na kwana biyu ina ƙera wa suna da tarihi. Wani ɗan ƙaramin dodo ne ya sakar masa kibiya ɗaya daga bayan dutse, shi ke nan. Na ƙarasa daren ina zuba wa abokaina shayi, su kuma suna ta kwasar ganima.

Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022 ne, wanda ya ci wata takwas, zaman gida ya ishe mu. Laifina ɗaya: na zaɓi gwarzo saboda an ce shi ya fi kowa ƙarfin sihiri, ban tambayi kuɗin da ake biya kafin a kai wajen ba.

Ga wanda bai san wasan ba, hira ce mai doka. Mutum ɗaya ne ke jan labari, sauran kowa da gwarzonsa a rubuce a takarda. In ka ce za ka yi wani abu mai haɗari, sai ka jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da ya fito shi ke yanke hukunci. Ba a sa kuɗi, kuma 'yan wasan duk ɓangare ɗaya suke. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a 1974. In ka kalli Stranger Things, shi ne yaran nan ke yi a ɗakin ƙasa, kuma a kan dokokinsa aka gina Baldur's Gate 3, wanda ya ci gwarzon wasan bidiyo na 2023.

Na san wani ya riga ya ɗaga gira da jin kalmar sihiri. Ko a Amurka an yi wannan cece-ku-cen a shekarun 1980, iyaye da wasu limaman coci sun tayar da jijiyar wuya sosai. Abin da ke kan tebur dai lissafi ne. "Ƙwallon wuta" yana nufin ka jefa 'ya'yan lido takwas masu fuska shida ka haɗa jimla. Ni a wurina ɗaya suke da dodon tatsuniya da akun Magana Jari Ce. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai mai takobi da maharbi, kuma ba a raina su.

Kafin a zaɓa, sai an gane abu ɗaya: gurbi. Kowane babban sihiri yana cin gurbi guda, kamar yadda bidiyo ke cin data. In gurabenka suka ƙare, sai ƙananan dabarun da ba sa cin komai, har sai gwarzon ya huta. Tushen tunanin daga littafin The Dying Earth na Jack Vance ne, wanda ya fito a 1950, inda sihiri ke gogewa daga kan mai shi da zarar ya yi amfani da shi. Alƙaluman da zan kawo na bugun 2014 ne, shi muke bi. Gyararren bugun 2024 ya taɓa wasu abubuwa.

Wanda ya kai ni ya baro shi ne Wizard, ni mai littafi nake ce masa. Ɗalibi ne tsantsa, komai nasa da karatu ya same shi. Yana fara wasa da sihiri shida a littafinsa, duk matakin da ya hau ya ƙara biyu. In ya tsinci takardar wani a kango zai iya kwafa, amma sai ya biya zinare 50 da awa biyu a kan kowane matakin sihirin. Wato har a duniyar ƙirƙira ba a tsira daga kuɗin handawut ba. Jerin da yake zaɓa daga ciki ya fi na kowa tsawo, kuma kullum da safe yana sake shirin abin da zai fita da shi. Ga inda gizo ke saƙa: makin ransa shida ne a matakin farko, sai ɗan abin da lafiyar jiki ta ƙara, babu sulke, gurabe biyu kacal. Ƙwallon wutar da ake ta yi wa talla sai a mataki na 5. In kuna haɗuwa sau ɗaya a mako, za ka iya shafe wata biyu kana laɓe a bayan masu takobi. Kuma in littafin ya ƙone ko aka sace, abin da ya riƙe a ka kawai ya rage masa.

Sorcerer kuwa ɗan gado ne. Bai taɓa buɗe littafi ba, a jininsa abin yake, wataƙila wani kakansa ya haɗa iri da dodon wuta. A bugu na uku, na 2000, aka ba shi gurbinsa. Da sihiri biyu yake farawa, kuma ko ya kai ƙololuwa, mataki na 20, ba ya wuce 15. Mai littafi a lokacin yana da aƙalla 44. Abin da ya rama da shi, daga mataki na 3 yana iya murɗa ɗan abin da ya sani: ya jefi mutum biyu da sihirin mutum ɗaya, ko ya yi shi shiru ba magana ba motsin hannu, a tsakiyar fada sarki na kallo. Daɗi gare shi. Amma gaskiya ba na ba sabon shiga shawararsa. In ka yi zaɓen tumun dare, sai ka hau wani mataki kafin ka canza guda ɗaya tak, kuma sabon shiga bai san wanne ne na kirki ba.

Sai na uku, wanda teburinmu ya fi faɗa a kansa: Warlock, yaron ubangida. Bai yi karatu ba, bai gada ba, yarjejeniya ya ƙulla da wani babba, aka ba shi ƙarfi bashi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tsayar da ɗan takara a garinsu ba ya bukatar ƙarin bayani. Masu buga Baldur's Gate 3 sun ga yadda Mizora ke juya Wyll kamar waina, ta bayyana lokacin da ta ga dama ta karanto masa sharaɗin da bai lura da shi ba.

A lissafi, gurabensa biyu ne tun daga mataki na 2 har na 10. A mataki na 5 mai littafi na da tara. Da ka ji haka sai ka ce an cuce shi, amma tsaya. Nasa suna dawowa bayan hutun awa ɗaya, na sauran ba sa dawowa duka sai an yi dogon hutu na awa takwas, kuma kullum a matakinsu mafi ƙarfi suke fita. Ga kuma Eldritch Blast, harbin da ba ya cin gurbi ko ɗaya, wanda ke zama biyu a mataki na 5, uku a na 11. Matsalar ita ce rayuwarsa na hannun mutane. In abokan tafiyarka masu gaggawa ne, ba sa yarda a zauna awa ɗaya, ka zama mai harbi ɗaya har dare. Mun taɓa ɓata kusan rabin zama muna musun a huta ko a wuce, har wata a cikinmu ta tattara takardunta ta ce ita ba taron majalisa ta zo ba.

Duk da haka, shi na fi so, kuma dalilina ba lissafi ba ne. Mai littafi da ɗan gado suna iya gama wasa babu wanda ya tambaye su komai. Yaron ubangida yana shigowa da labarinsa a aljihu. Ranar da ubangidan ya ce a kawo masa abin da ke hannun abokinka, ranar za ka san irin ɗan wasan da kake, kuma mai jan labarin da ya iya aikinsa ba zai bar wannan damar ta wuce ba.

Akwai sauran uku, a taƙaice. Bard maroƙi ne, da kiɗa da kirari yake ƙara wa abokansa sa'a, shi Chris Pine ya fito a fim ɗin Honor Among Thieves na 2023. Druid mutumin daji ne, daga mataki na 2 yana rikiɗa ya zama dabba. Cleric kuma shi ne wanda kowa ke gudu saboda an ɗauka aikinsa ɗaurin rauni ne kawai. Kuskure ne babba. Yana sa sulke, yana riƙe garkuwa, makin ransa takwas ne a farko, kuma kullum yana zaɓa daga cikakken jerinsa ba tare da ya sayi komai ba. In ya yi kuskure yau, gobe ya gyara. Da shi na ɗauka a daren farko, da wuya kibiyar nan ma ta same ni.

Don haka in wata ta tambaye ni yau, ko wani, tambaya nake mayarwa. Kina son karanta shafuka ki tsara shiri kafin a zauna? Ɗauki mai littafi, amma ki roƙi mai jan labari a fara daga mataki na 3. Kana son abu mai sauƙin riƙewa da labari mai zafi? Yaron ubangida, bayan ka tambayi abokanka ko suna hutawa a hanya. Ba ka san abin da kake so ba tukuna? Cleric.

Dokokin farko suna nan kyauta a intanet, akwai kuma manhajojin jefa ɗan lido a waya, ba sai ka yi odar komai daga waje ba. Gwarzona na yanzu yana mataki na 7, kuma ubangidansa ya ba shi wa'adin kwana uku ya kawo wani zobe. Zoben yana yatsan Cleric ɗinmu, wanda sau biyu yana tashe ni daga ƙasa. Asabar za mu zauna, har yanzu ban gaya masa ba.