Takarar kansila a ƙauyukan Nijar

Kafin shekarar 2004, mutumin ƙauye a Jamhuriyar Nijar hukuma biyu ya sani. Akwai ta gargajiya, wato maigari da sarkin kanto, akwai kuma ta gwamnati, wato jami'in da ake turowa daga Yamai ya zauna a babban garin gunduma. Dukkansu ba da ƙuri'ar talaka suke hawa ba. An gwada zaɓen ƙananan hukumomi a watan Fabrairu na 1999, amma Kotun Ƙoli ta soke sakamakon wurare da yawa, kuma a watan Afrilu na shekarar sojoji suka kashe Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara, maganar ta bi ruwa. Sai a 2002 aka yi dokar da ta raba ƙasar zuwa ƙananan hukumomi 265, daga ciki 213 na karkara ne, 52 na birni. Ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen da ya tsaya da ƙafarsa, aka zaɓi kansiloli 3,747.

Yana da kyau ɗalibi ya lura da kalmomin tun daga nan, domin Hausar Nijar da ta Nijeriya ba kullum suke haɗuwa ba. Abin da Bakano zai kira ƙaramar hukuma, mutumin Maraɗi ko Damagaram yakan ce komin, daga Faransanci. Shugabanta a Nijeriya ciyaman ne, a Nijar kuwa magajin gari, ko da garin nasa ƙauye ne mai rijiya biyu. Kansila kuma a rediyon Nijar akan ji an ce masa mashawarci. Kalmar hakimi ma tana rikita baƙo: a Nijeriya mai ƙasa ne babba da dagatai a ƙarƙashinsa, amma a sassa da yawa na Nijar hakimi shi ne mai riƙe da ƙauye guda.

Babban abin da ya bambanta takarar Nijar, kafin a rushe majalisun a 2024, shi ne, ba mutum ɗaya ake zaɓa ba, jerin sunaye ake zaɓa. A Nijeriya kowace mazaɓa tana da kansilanta, wanda ya fi ƙuri'a ya ci. A Nijar kuwa, a lokacin, komin gaba ɗayanta mazaɓa ɗaya ce. A wancan lokacin majalisarta tana da kujeru daga 11 zuwa 25, gwargwadon yawan jama'a. Kowace jam'iyya takan kawo jerin ƴan takararta, a raba kujerun bisa yawan ƙuri'un da kowane jeri ya samu. Misali, in kujeru 11 ne, jam'iyyar da ta sami kusan rabin ƙuri'u za ta tashi da biyar ko shida, sauran jam'iyyu su raba ragowar.

Wannan tsari ne ya sa kokawar gaske ba a ranar zaɓe take ba, a ranar rubuta jerin take. Wanda sunansa ya zo na ɗaya ko na biyu a jerin babbar jam'iyya yana iya fara ɗinka rigar rantsuwa. Wanda ya zo na goma kuwa, ko da shi ya fi kowa yawon ƙauyuka, wahalarsa ta wani ce. Saboda haka shugabannin jam'iyya sukan yi lissafi mai wuya. Dole babban garin komin ya ga ɗansa a sama, amma in aka mance da ƙauyen da ke da kasuwa da jama'a, mutanensa za su juya wa jam'iyyar baya gaba ɗaya. Dole a sa wa Fulani ko Buzayen da ke kiwo a yankin nasu mutum. Ga kuma dokar kason mata ta shekarar 2000, wadda ta fara da kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe, aka ɗaga zuwa 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Dokar ta buɗe ƙofa ƙwarai, ko da yake a ƙauyuka da dama matar da aka rubuta sunanta matar wani jigo ce ko ƙanwarsa, ba lalle wadda matan gari za su tsayar da kansu ba.

Su wa ke tsayawa? Akwai malamin makaranta mai ritaya, da ɗan kasuwar hatsi ko dabbobi, da ɗan gari ma'aikaci da ke zaune a Yamai, wanda ba a ganinsa sai da salla ko rasuwa. A wancan tsarin, sarakunan gargajiya doka ta hana su takara, sai dai ta ba su wurin zama a majalisa, su faɗi ra'ayinsu ba tare da ƙuri'a ba. To amma hana sarki takara bai hana ɗan sarki ba. Yawancin komin na karkara a kan iyakokin kanto aka yanka su, don haka tsohuwar gabar gidan sarauta ta sami sabon fili. Ɗakin da ya rasa rawani a naɗin da ya wuce sai ya shiga jam'iyyar hamayya, ɗakin da ke kan gado ya riƙe mai mulki. Masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai sun bi wannan al'amari a komin da yawa, suka kuma rubuta shi dalla-dalla. Wanda ya kalli tutar MNSD-Nasara ko CDS-Rahama ko PNDS-Tarayya a ƙofar wani gida, ya ɗauka maganar aƙida ce kawai, bai gama fahimtar garin ba.

Yaƙin neman zaɓe a karkara ba na fasta da lasifika ba ne sosai. Ɗan takara yakan fara da gaida maigari da liman, ya bi masu gida ɗaya bayan ɗaya, domin maigida guda yana iya zuwa da ƙuri'ar mutum ashirin. Ranar kasuwa ita ce ranar taro. Akan kai goro, da sukari da shayi ga fadar samari, da sabulu ko turmin zane ga ƙungiyar mata. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne tarihin mutum: ya zo jana'iza? Ya ba da rancen hatsi a shekarar yunwa? Lokacin zaɓe ma yana da tasiri. Na 2004 ya faɗo tsakiyar damina, mutane suna gona. Na Janairu 2011 da na Disamba 2020 sun zo bayan girbi, lokacin da samari da yawa suka riga suka tafi ci-rani Nijeriya ko Libiya ko Abijan, aka bar rumfar zaɓe ga mata da tsofaffi.

A wancan tsarin, bayan an ƙidaya ƙuri'u, akwai zaɓe na biyu, domin jama'a ba su suke zaɓen magajin gari ba, kansiloli ne ke fidda shi daga cikinsu. A majalisa mai mutum 11, ƙuri'a shida ta isa. Nan ne jam'iyyar da ta zo ta farko takan wayi gari a hamayya, in ƙanana biyu suka haɗa kai a kanta. Kuma hannun da ya ɗora shi ne ke iya saukewa: an tsige magadan gari da yawa ta hanyar ƙuri'ar rashin amincewa tun a wa'adin farko.

Wanda ya ci kuma sai ya tarar da baitulmali kusan wayam. Kuɗin shigar komin na karkara ya dogara ne ga harajin kai, wanda ake kira lanho, da kuɗin kasuwa da na cinikin dabbobi. A shekarun 2000 lanhon sefa 700 ne a shekara ga kowane baligi, wato dala 140 a ƙidayar Hausa, tun da dala ɗaya sefa biyar ce. Masu tara shi kuwa masu gari ne, mutanen sarki. Kansilan da ya yi alkawarin rijiya da ɗakin shan magani sai ya ga kuɗin da ƙyar suke biyan albashin sakatare da mai karɓar haraji, sauran aiki sai an jira gwamnati ko ƙungiyoyin agaji.

Zaɓen 13 ga Disamba 2020 shi ne na ƙarshe da aka yi a kan wannan tsari. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, gwamnatin Janar Abdurahman Tiani ta rushe majalisun ƙananan hukumomi da na jihohi a watan Afrilu na 2024, ta naɗa kantomomi a madadinsu, da yawansu masu kaki. A watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya.