Karatu a ƙasar waje: Dalilin da ya sa lissafi ke farawa daga ranar dawowa

Fita neman ilimi ba baƙon abu ba ne a kudancin Jigawa. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta yaye ɗalibai masu yawa da suka haye teku, cikinsu har da Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya wuce Jami'ar Al-Azhar da ke Alƙahira. A yau ma burin yana nan a gidajen malaman makaranta, da ma'aikatan Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da 'yan kasuwar Sara a ƙaramar hukumar Gwaram. Sai dai abubuwan da suka faru tsakanin 2022 da 2025 sun sauya yadda ya kamata a tsara wannan tafiya. Yawancin iyalai suna fara lissafi ne daga ranar tashi: takardar samun gurbi, biza, kuɗin jirgi. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Shirin da ke kaiwa ga gaci shi ne wanda aka fara daga ranar dawowa, aka biyo baya mataki-mataki har zuwa yau.

Shin takardar za ta yi aiki a gida?

Wannan ita ce tambayar farko, tun kafin a tambayi kuɗin makaranta. A ƙarshen Disambar 2023, ɗan jarida Umar Audu na jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya samu takardar digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin makonni shida. Ranar 2 ga Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan shekarar, Ministan Ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano takardun bogi fiye da 22,000, kuma jami'o'i takwas kacal gwamnati ta amince da su a ƙasashen biyu: biyar a Benin, uku a Togo. Matakin bai tsaya kan masu sayen takarda ba, ya shafi har ɗaliban da suka zauna aji da gaske a makarantun da ba sa cikin jerin.

Ko da jami'ar sahihiya ce, aiki bai ƙare ba. Duk wanda ya yi digiri a waje sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunsa kafin ya shiga hidimar ƙasa, kuma hukumar NYSC tana duba fasfo domin ganin hatimin shiga da fita da ke tabbatar da cewa ɗalibin ya zauna a ƙasar. Don haka tsohon fasfo ba abin yarwa ba ne, ko da wa'adinsa ya ƙare.

Sana'o'in da ke buƙatar lasisi kuwa suna da ƙarin shinge. Wanda ya karanta likitanci a waje ba zai taɓa majiyyaci a Najeriya ba sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta MDCN, sannan ya yi shekara guda ta horon asibiti. Jarrabawar ba ta wasa ba ce: a wadda aka yi a Kano a watan Nuwamban 2023, fiye da rabin waɗanda suka zauna ba su haye ba. A 2022 ma hukumar ta sanar cewa ba za ta karɓi karatun likitancin da aka yi ta intanet daga jami'o'in Yukren ba bayan ɓarkewar yaƙi. Wanda ya karanta shari'a a waje sai ya yi ƙarin zango a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya kafin ya haɗu da takwarorinsa na gida. Masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan jinya su ma kowa da hukumarsa. Hikima ita ce a tuntuɓi hukumar da ke kula da sana'ar tun kafin a biya sisin kwabo, a kuma sa wannan ƙarin lokaci da kuɗi cikin lissafi.

Lissafin kuɗi: da dala, kuma na dukkan shekarun

Kuskuren da ya fi jefa iyalai cikin damuwa shi ne lissafa kuɗin shekarar farko da naira, a ɗauka sauran shekarun haka za su kasance. Kafin tsakiyar watan Yunin 2023, dala ɗaya a farashin gwamnati tana kusan naira 460. Bayan Babban Bankin Najeriya ya haɗe farashin canji, zuwa Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A ɗauki misalin makarantar da ke karɓar dala 5,000 a shekara: uban da ya shirya naira miliyan 2.3 sai ya wayi gari ana neman miliyan 7.5 a hannunsa, alhali makarantar ba ta ƙara ko kwabo ba. A watan Mayun 2024 an ga sakamakon haka a Jami'ar Teesside da ke Ingila, inda aka dakatar da wasu ɗaliban Najeriya da suka kasa biyan kuɗi a kan kari, aka kuma umarce su da barin ƙasar.

A nan akwai bambanci tsakanin ɗan kasuwa da ma'aikaci. Mai harkar riɗi ko zoɓo, kayan da ake fitarwa waje, yakan ga farashin hajarsa ya bi dala zuwa wani mataki. Albashin ma'aikacin gwamnati kuwa ba ya motsi idan dala ta tashi. Ma'aikacin da ya ɗora karatun shekara shida na likitanci a kan albashi da bashin ƙungiyar adashi ya ɗauki kasadar da ba shi da iko a kanta. Abin da ya fi aminci shi ne a haɗa kuɗin makaranta, masauki, abinci, inshorar lafiya, sabunta izinin zama da tikitin dawowa na dukkan shekarun, a lissafa da kuɗin ƙasar da za a je, a ƙara wani kaso na ko-ta-kwana. Wanda ke da hali ya ajiye abin da ya samu a asusun kuɗin waje a banki.

Ƙasashen ma suna neman shaidar kuɗi kafin ba da biza. Birtaniya tana so ta ga kuɗin makaranta da na zaman wata tara sun kwana a asusu kwana 28 a jere. Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin koyarwa, ta sa ɗalibi ya zuba yuro 11,904 a wani asusu na musamman daga Satumbar 2024, ana sakar masa kaɗan-kaɗan duk wata. Dogaro da cewa yaro zai yi aiki ya biya wa kansa yakan ba da kunya: a Birtaniya awa 20 kawai doka ta yarda ɗalibi ya yi aiki a mako lokacin karatu. Bashin karatu na NELFUND kuwa na ɗaliban makarantun gwamnati ne da ke cikin Najeriya.

Tallafin karatu: ƙofofin da suka rufe da waɗanda ke buɗe

Jigawa tana cikin jihohin da suka daɗe suna tura ɗalibai waje, musamman a fannin lafiya. Gwamnatin Muhammad Badaru Abubakar ta tura ɗalibai karatun likitanci ƙasar Sin, a zamanin Gwamna Umar Namadi kuma jihar na ɗaukar nauyin ɗalibai a Jami'ar Near East da ke arewacin tsibirin Cyprus. Irin wannan tallafi yakan zo da sharaɗin dawowa a yi wa jiha aiki na wasu shekaru, don haka wajibi ne ɗalibi da waliyyinsa su karanta yarjejeniyar da kyau kafin sa hannu.

A matakin tarayya, wasu ƙofofi sun tsuke. Shirin musayar tallafin karatu da ƙasashe irin su Rasha, Maroko, Aljeriya da Masar ya yi fama da jinkirin biyan alawus, an rage alawus ɗin a 2024, sannan a 2025 Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shi. Asusun TETFund shi ma ya daina tura malaman manyan makarantu karatu waje daga Janairun 2025. Darasin shi ne, ko tallafin gwamnati ba ya ɗauke wa iyali buƙatar ajiye wani abu a gefe.

Ƙofofin da suka rage sun fi yawa a matakin digiri na biyu. Akwai tallafin PTDF ga fannonin da suka shafi makamashi, da Chevening da Commonwealth na Birtaniya, da DAAD na Jamus, da Erasmus Mundus na Tarayyar Turai. Turkiyya da Hungari da Sin suna da tallafin da ya haɗa har da digiri na farko, Jami'ar Musulunci ta Madina kuma tana koyarwa kyauta. Kowanne da lokacinsa: na Turkiyya yakan buɗe a Janairu ya rufe a Fabrairu, Chevening kuma yakan buɗe a Agusta, yana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu da alkawarin komawa gida. Wannan ne ya sa ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ko Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa yake da dama babba, muddin ya gane cewa shirin yana farawa ne tun daga aji biyu. Yawancin masu ba da tallafi suna neman digiri mai daraja ta ɗaya ko ta biyu babba, kuma makin da ya zube a farkon karatu da wuya ya miƙe a shekarar ƙarshe. Malaman da za su rubuta masa takardar shaida su ma sai sun san shi a aji.

Darasin Khartum

Sudan ta kasance zaɓin iyaye da yawa a Arewa saboda kusanci, sauƙin kuɗi, harshen Larabci da yanayin tarbiyya, musamman ga 'ya'ya mata. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. An kwashe ɗalibai a motoci zuwa iyakar Masar, inda suka yi kwanaki a sahara kafin rukunin farko ya sauka Abuja a farkon watan Mayu, wasu kuma aka fito da su ta Port Sudan. 'Yan Jigawa na cikinsu. Bayan an tsira da rai, sai matsala ta biyu ta taso: ɗalibin da ba shi da cikakkiyar takardar sakamakon darussan da ya ci ba shi da hujjar da zai nuna wa wata jami'a domin ya ɗora daga inda ya tsaya.

Saboda haka, ya kamata ɗalibi ya karɓi sakamakonsa a hukumance duk ƙarshen shekara, ya ajiye hotonsa a imel, ya aika kwafi gida. Ya yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya da zarar ya sauka. Iyaye kuma su bincika ko Najeriya na da jakada a wurin. Arewacin Cyprus, alal misali, Turkiyya ce kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa, kuma a 2020 hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna waje ta gargaɗi iyaye kan tura 'ya'yansu can. Ɗalibin da gwamnatin jiha ke sa wa ido ba ɗaya yake da wanda ya tafi shi kaɗai ba.

Takardu da lokaci

Ba a fafe gora ranar tafiya. Shiri mai kyau yana buƙatar aƙalla wata 12 zuwa 18, kuma abin da ya fi cin lokaci shi ne gyaran suna. Al'ada ce a wannan yanki a rubuta sunan gari a matsayin sunan ƙarshe. Sai a tarar da sakamakon WAEC ko NECO ɗauke da Gwaram ko B/Kudu, lambar NIN ɗauke da sunan uba, takardar shaidar ƙaramar hukuma kuma da sunan kaka. Hukumar shige da fice tana ɗauko bayanan fasfo daga NIN, jami'in biza kuma ba ya karɓar bayanin baki. A daidaita suna da ranar haihuwa tun da wuri. Daga 1 ga Satumbar 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar ya koma naira 100,000, mai shafi 64 na shekara goma kuma naira 200,000.

Fitar da cikakken sakamako daga jami'a yakan ɗauki makonni. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS shekara biyu yake aiki, kodayake wasu jami'o'in Birtaniya suna karɓar makin Turanci na WAEC. Dokokin biza kuma suna sauyawa ba zato: daga Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali, a Yulin 2025 kuma Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku. Shafin intanet na ofishin jakadanci shi ne abin dogaro, ba saƙon da ke yawo a WhatsApp ba.

Game da dillalan gurbin karatu, akwai na kirki, amma galibinsu jami'o'in da suke kai wa ɗalibai ne ke biyansu la'ada, don haka shawararsu ba ta rasa son rai. Kuɗin makaranta a asusun makaranta ake zuba shi, ba asusun mutum ba. Babu wanda ke da ikon lamunce biza. Takardar banki ta bogi kuwa tana iya jawo haramcin shiga Birtaniya har na shekara goma.

Iyalin da ya bi waɗannan tambayoyi a jere zai iso ɗaya daga cikin amsoshi biyu. Ko dai ya tabbatar cewa takardar za ta yi aiki, kuɗin zai kai har ƙarshe, wurin kuma amintacce ne, sai a tafi da kwanciyar hankali. Ko kuma ya gane cewa ya fi alheri yaro ya yi digirin farko a Dutse, Kafin Hausa, Kano ko Zariya, ya fito da sakamako mai kyau, sannan ya nemi tallafin digiri na biyu wanda ba zai sa a sayar da gona ko shago ba. Asara mafi ciwo ita ce ta ɗalibin da ya dawo daga aji uku babu takarda, bayan jarin gida ya ƙare.