Zaman Ribaɗi a Daular Sakkwato

Kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana Wurno, garin da ya zaɓa ya zauna a bakin daga har rasuwarsa a 1837, alhali ga Sakkwato da fadarta. Wurno ribaɗi ne, wato gari mai ganuwa da aka kafa a kan iyaka domin tsaron ƙasar Musulmi, kuma ba shi kaɗai ba ne: akwai Kware da Gandi da Lajinge da Shinaka da Bakura, kusan kowanne an damƙa shi a hannun ɗan gidan Shehu. Masu tarihi sukan ambaci waɗannan garuruwa a babin yaƙi su wuce. A ganina an rage musu daraja, domin abin da ya riƙe ribaɗi shi ne tsarin zaman da aka ɗora mutanensa a kai, ganuwa kuwa ta biyo baya.

A wancan zamani shekarar mutumin ribaɗi kashi biyu ce. Da damina manomi ne, gonarsa kusa da gari yadda in an buga kuge zai yar da fartanya ya ruga ciki kafin a turo ƙyaure. Da an kai gero rumbu, ƙasa ta bushe, sai lokacin hari ya kama, don mahayan Gobir da na Maraɗi sun san rumbuna a cike suke. A nan ake gayyar gyaran ganuwa: kowace unguwa da nata ɓangaren, a kwaɓa ƙasa, a toshe inda ruwa ya zaizaye, a yashe gwalalo, a ƙara ƙaya a gefensa. Maƙeri yana kan bakin kibiya da mashi, baduku yana ɗinkin linzami da kube, masu doki suna duba lifidi. Da almuru sarkin ƙofa ya rufe, baƙon da ya makara sai ya kwana a waje komai girman rawaninsa. Malamai kuma suna karantar da cewa kwanan gadi a bakin iyaka ibada ce mai lada, shi ya sa mai tsaron dare ba ya ganin kansa ɗan ƙwadago.

Wani zai ce ai Hausawa sun daɗe da birane masu ganuwa tun kafin jihadi, ga Kano ga Alƙalawa, to mene ne sabo? Gaskiya ne, ginin ba sabo ba ne. Sabon abu shi ne waɗanda aka zaunar a ciki da kuma niyyar zaunar da su. Bello ya jawo Fulani makiyaya, mutanen da suka saba bin ciyawa duk inda take, ya ba su gonaki da limami da makaranta, ya kwaɗaitar da su kiwon dawaki da raƙuma, dabbobin da suka fi shanu amfani ranar yaƙi. A nasihar da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje ma ya nanata cewa aikin mai mulki ne ya tanadi masu sana'a, ya gina garuruwa masu ganuwa, ya raya kasuwanni da hanyoyi. Wanda yake da rumbu da masaƙa da 'ya'ya a makarantar allo ba ya gudu don ya hango ƙura.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba za a iya kauce mata ba. Da yawa daga hannuwan da suka noma gandayen ribaɗi bayi ne da aka kamo a yaƙi, kamar yadda aka sani a Fanisau kusa da Kano, don haka wadatar da ake yabo da gumin wasu aka tara ta. Haka kuma ribaɗi bai hana hari ba: ko bayan nasarar da Sakkwato ta samu a yaƙin Gawakuke a 1836, Gobirawan Tsibiri sun ci gaba da kai farmaki, Kabawa kuma suka sake miƙewa a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame. Sai dai maharan sukan kwashi abin da suka samu su koma, ƙasar kuma ta zauna a hannun masu noma ta. Shi ya sa sarakunan da suka biyo bayan Bello suka riƙe al'adar: Aliyu Babba ya yi zamansa a Wurno, Ahmadu Atiku ya tare a Cimmola, Marafa Maiturare kuma ya kafa Gwadabawa ya cika ta da manoma a ƙasar da a da ba mai iya kwana cikinta.