Giya A Hanyar Fataucin Shanu: Yadda Ake Ragewa Har A Daina

Jama'a, akwai maganar da muke yi a gindin mota amma ba ma yin ta a taron ƙungiya, wato shan giya a cikin mutanenmu. Hukuncinta a addini kowa ya sani, haramun ce, ba mu zo mu sake fatawa ba. To amma ɓoyewa ba ta hana direba da yaron mota da ɗan kamasho shiga gidan fito a Bolgatanga, ko sayen akpeteshi a lungunan Nima da Maamobi bayan an watse ciniki a Tulaku. Kuma dukiyarmu da rayukan yaranmu a hannunsu suke, tun daga Paga har Ankara, tafiyar fiye da kilomita 800.

Da farko mu san abin da ake sha. Giyar kwalba ƙarfinta kamar kashi 5 ne cikin 100. Akpeteshi kuwa, wadda ake tatsowa daga bammi ko rake, takan kai kashi 40 zuwa 50, kuma mai dafa ta ba ma'auni ne da shi ba. Ɗan ƙaramin kofi biyu nata ya kai babbar kwalba guda. Waɗanda ake jiƙa wa saiwoyi a ce maganin basir ne ko ƙarfin maza, su ma giya ce, sunan magani kawai aka laƙa musu.

Hanta ce ke ƙone giya a jiki, kuma ba ta gaggawa. Babbar kwalba ɗaya takan ɗauke ta awa 2 zuwa 3. Ke nan direban da ya sha uku da sha biyun dare a Techiman, ko ya tashi da asuba yana cewa ya wartsake, giyar tana nan a jininsa. Goro da shayi da wanka da ruwan sanyi ba sa fitar da ita, ido kawai suke buɗewa. Dokar hanya ta Gana ta 2004 ta sa iyaka 0.08 a jini, amma mu dai a ganinmu mai jan tirela da shanu a baya ba shi da wata iyaka sai sifiri. Ko Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu adadin giyar da ba ya cutar da jiki. Wanda kuma ya haɗa ta da tiramadol, numfashinsa na iya tsayawa yana barci.

Ga inda mu iyayen gida muke kuskure. Idan muka kama yaro, sai mu rantsar da shi ya daina yau yau. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, idan ya yanke lokaci guda, yakan kama rawar hannu da zufa da gane-gane, wani har farfaɗiya, kuma tana kisa. Irin wannan asibiti za a kai shi, Maamobi ko Pantang, likita ya sauke shi a hankali. Mu tuna haramcin ma mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida.

Wanda shansa bai kai can ba, ya fara da ƙirga abin da yake sha, ya ware ranakun da ba zai taɓa ba, kada ya sha da yunwa, ya canza wurin hira da dare. Mu kuma mu daina damƙa wa yaro ladansa duka a hannu ranar da aka sayar da shanu. A ba shi na abinci, sauran a tura wa iyalinsa ta waya tun kafin ya bar kara.