Buzuzu a Kwali, Fara a Buhu

A farkon 2025 jami'an kwastam na Amurka suka kama manyan buzuzu 37 da ransu a filin jirgin saman Los Anjeles, an cuso su cikin ledojin kayan ƙwalama daga Japan. Da labarin ya iso nan Maiduguri, dariya aka sha, ana cewa mutanen nan sun rasa abin yi. Alhali kasuwa ce babba, domin a Japan yaro yakan ajiye buzuzu a ɗaki kamar yadda namu ke kiwon tattabaru.

Kiwon ba wani tsafi ba ne. Mace ta zuba ƙwai cikin ruɓaɓɓen ganye, tsutsa ta fito irin gwazarmar da kaji ke tonowa a juji, ta yi watanni tana ci, sannan ta gina wa kanta ɗan ɗaki da ƙasa ta rikiɗe. Gagarabadau a cikinsu, wanda ake kira Goliyat, ɗan Afirka ne, yana nan a dazukan Kamaru maƙwabciyarmu. Tsawonsa kan kai santimita 11, tsutsarsa kuwa sai an haɗa mata da jiƙaƙƙen abincin karnuka kafin ta yi ƙiba.

Mu a Maiduguri ma bai kamata mu yi wa kowa dariya ba. Wane gari ya kai mu cin fara? Da damina ta ɗauke sai buhuna su fara shigowa, wasu har daga Nijar da Chadi. Da dare ake kamunta da tocila, lokacin da sanyi ya kashe mata jiki, mata su fige fukafukai, su soya, su barbaɗa yaji. Gidaje nawa wannan sana'a ta riƙe a shekarun da rikici ya hana mutane zuwa gona? Amma har yau farauta muke yi, ba kiwo ba. Kuma mai saye bai san ko an fesa wa gonar da aka kamo ta magani ba.

Tun 2013 hukumar abinci ta duniya, FAO, ta ce kimanin mutum biliyan biyu ne ke cin ƙwari, a 2021 kuma Tarayyar Turai ta amince da sayar da tsutsar wani ƙaramin buzuzu da ake kiwo da dusa. Ba na cewa mu ci tsutsa. Kaji da tarwaɗa fa, da abincinsu ya gagari masu kiwo? Jami'ar Maiduguri da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi duk suna cikin garin nan. Su ware ɗaki guda, su sayi dusa, su kira matan da ke suyar fara su zauna da su.