Ruwan da Ba Ya Motsi Shi Ke Kashe Kifi

A Paraku da Jugu, arewacin Jamhuriyar Benin, kiwon kifi ya shigo har cikin gidaje: wani ya gina tankin siminti a bayan ɗaki don tarwada da karfasa, wani ya ajiye akwatin gilashi mai tsirrai don ƙawata falo. Da zarar zafin Maris da Afrilu ya kankama kifi ya fara mutuwa, sai a ɗora laifin kan abinci ko kan irin kifin. Alhali ruwan ne ya yi tsami, ruwa kuwa ba ya tsami banza, kuma sau da yawa abin da ya tsamar da shi tsayuwa ce wuri ɗaya.

Kifi yana shaƙar iskar oksijin da ta narke a cikin ruwa, ita kuwa ta saman ruwan take shiga. Lita ɗaya tana riƙe kusan miligiram 9 a ma'aunin zafi 20, amma idan zafi ya kai 30 sai ta koma wajen 7.5, daidai lokacin da jikin kifi ya fi buƙatarta. In ruwa na juyawa, na ƙasa yakan hau sama ya sha iska ya dawo. In ya tsaya, kashin kifi da ragowar abinci su kwanta a kusurwa, su ruɓe, su saki amoniya mai ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. Ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da wannan guba ta zama taki su ma da oksijin suke aiki, kuma motsin ruwa ne ke kai musu.

Wani zai ce ai tsirrai na ba da iska. Da rana suke bayarwa. Da dare su ma shaƙa suke yi, shi ya sa da asuba ake ganin karfasa ta taso sama tana buɗe baki. Su kansu tsirran, ruwa mai gudu a hankali ne ke kawo wa ganyensu abinci yana share dattin da ke kansa, in babu shi gansakuka ta rufe su. Wani kuma zai ce tarwada tana shaƙar iskar sarari, ba ruwanta da famfon motsa ruwa. Takan rayu, amma amoniya tana rage mata cin abinci da girma, mai kiwo ya yi asarar da bai gani ba.

Maganar tsadar wuta da ɗaukewarta ita ce ƙorafi mai ƙarfi, sai dai tana da mafita. Ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana da batir ya wadatar, haka ma tanki a sama da ke zubo ruwa kaɗan-kaɗan, a janye na ƙasa a yi ban-ruwan lambu da shi. Irin wannan haɗa kiwon kifi da noma ne Cibiyar Songhaï, wadda Godfrey Nzamujo ya kafa a Porto-Novo a 1985 kuma take da reshe a Paraku, take koyarwa. A kula kada ƙarfin ruwan ya yi yawa har ya gajiyar da kifi ko ya tumɓuke tsirrai. Ganye ya riƙa kaɗawa a hankali ya isa. Duk mai shirin sayen 'ya'yan kifi, ya fara tanadar abin da zai motsa masa ruwa dare da rana.